Rijiyar Agali da Diskin da Ya Cika

Na san abin da kuka tashi kuna ji a gidan Baffanku Garba, kuma na san kunya ce ta hana ku tambayata. Ana cewa uwarku ce ta ɗauki rijiyar garkar ubanku ta miƙa wa Agali da hannunta, tana da halin hanawa ba ta hana ba. Rabin maganar gaskiya ne, domin ina da halin hanawa. Sauran rabin shi zan rubuta muku a nan tun idona yana ganin layi, kada in tafi in bar ku da bakin Baffanku kaɗai. Kai babba, da ba na kiran sunanka, kana da wayo a lokacin, kuma na ga yadda ka daina kallon idona na wata da watanni. Kai na fi so ka karanta wannan a tsanake. Ban zo neman gafara ba. Cikin duk aikin da na yi a duniya, da wannan na fi alfahari.

Na shiga buron ƙungiyar masu noman rani a Badaguishiri a matsayin sakatariya, mai buga takarda da dafa wa baƙi shayi in ta kama. Shekaru ina nan har wani aikin raya karkara ya zo mana da ordinater, wato kwamfuta, da ɗan jirgin nan mara matuƙi, wanda yake tashi bayan kowace kaka ya ɗauko hoton kwarin gaba ɗaya daga sama, garka bayan garka, har ana iya ƙidaya kunyoyin albasa. Wadda ta kafa mana aikin wata injiniya ce daga Yamai, Madam Zainabu, doguwa mai saurin magana. Ta duba maza shida na buron, ta duba ni, ta ce ni za ta koya wa, don ni kaɗai nake rubuta abin da ta faɗa. Ita ta nuna mini abin da ake kira Git, mu kuma muna ce masa depo. Rumbu ne wanda ba ya mantuwa. Duk abin da ka zuba a ciki, ko ka canza shi gobe, na jiya yana nan, da sunan wanda ya canza da ranar da ya canza. Kuma kowane ma'aikacin daji yana ɗauke da rumbun gaba ɗaya a cikin ordinater ɗinsa, tun daga ranar farko. Kafin ta koma ta ja mini kunne a kan abu ɗaya. Ta ce rubutu ba ya cin wuri, in ka gyara layi ɗaya kusan layin nan kaɗai yake ƙaruwa. Amma hoto ko kusurwarsa ka taɓa, depo zai ɗauke shi sabon hoto ya ajiye cikakke kusa da tsohon. Na rubuta wannan a kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na ja layi biyu a ƙarƙashi, sannan na bar shi ya faru a gaban idona har shekara huɗu.

Ga yadda ya faru. Hoton yana zuwa da arewa a sama, haka na'ura ta san duniya. To ku je ku nuna wa manomin kwarinmu hoto da arewa a sama. Zai ɗaga shi, ya karkata kai, ya ce, “Ina gabas?” Mutanenmu da gabas suke auna komai, da ita suke salla, da ita suke faɗin iyakar gona. Sai gabas ta hau sama sannan mutum zai gane garkarsa. Don haka ma'aikatanmu, musamman wani Ɗan Tani mai son a yabe shi, sai su juya hoton su ajiye, su tura depo. In rahoto zai tafi birnin Tawa, can kuma arewa suke so a sama, sai a sake juyawa a sake turawa. Manomi ya zo, a juya. Baƙo ya zo, a mayar. Ba wanda ya yi da mugunta, taimako ne suke yi. Ni ma na sha yaba wa Ɗan Tani a kan yadda tsofaffi suke gane taswira a hannunsa.

A cikin shekarun nan ne kori, rafin nan da ba ya kawo ruwa sai an yi sama, ya ɓalle wata damina ya bi ta tsakiyar garake. Ya kwashe shingen ƙaya, ya zuba yashi har gwiwa, ya shafe iyakoki. Da ruwa ya janye kowa ya fito ya kafa shingensa inda ya tuna, wasu kuma inda suka so su tuna. Garkar gidanmu, wadda ubanku da yayansa Garba suka gada, tana jikin ta Agali, dattijon nan Buzu da kakanninsa suka zauna kwarin tun kafin a haifi kowa a cikinmu. Akwai rijiya a tsakani. Lokacin kafa shinge Agali yana arewa da bisashensa, sai Baffanku ya kafa nasa a bayan rijiyar, ta faɗo cikin tamu. Ubanku ba ya noma, kun sani, gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa, garkar tana hannun yayansa. Da Agali ya dawo bai yi faɗa ba. Ya zo ya yi sallama sau biyu, aka ba shi ruwa aka ba shi haƙuri. A na uku ya tafi wurin maigari, aka ce a bari a cire albasa sannan a zauna.

Ana saura wata guda a cire albasa diskin babbar ordinater ta buro ya cika. Ɗan Tani ya zo da safe zai tura aikinsa, ta ƙi karɓa. Wani sabon ma'aikaci da aka ɗauka don yankin Alela ya kwana biyu yana jan depo zuwa tasa ordinater, bai kai rabi ba tasa ma ta cika. Aiki ya tsaya cak. Daraktanmu, Mushe Sani, mutumin kirki ne amma ba ya son abin da zai hana shi barcin rana. Ya kira ni.

“Madam Rabi, sabuwar mashin ba ta zuwa bana, na tambaya. Abin da za ki yi, ki yanke tarihin ga. Ki bar muna hotunan bayan ruwa, na gabanin ruwa duka ki share.”

“Mushe, na gabanin ruwa su ka nuna iyaka ta asali.”

“Iyakar da kori yac cinye? Wa ka neman ta? Mutane sun shirya tsakaninsu. Mu dai aiki shi tashi.”

Na ce ya ba ni sati biyu. Ya ce kwana goma, in ba haka ba zai kira wani daga Konni ya share da kansa.

Da ya fita na buɗe hoton shekarar da ta gabaci ruwan, na matso da kusurwar garkarmu. Ni shigowa na yi gidan, ban taɓa sanin inda tsohon shinge yake ba, abin da aka faɗa mini na riƙe. Ga aduwar nan da kuka sani, ga layin ƙaya ya taso daga gindinta ya miƙe. Ga rijiya kunya uku a cikin garkar Agali. Ba ma kusa ba. Na rufe, na sake buɗewa, kamar zai canza. Ba zan ɓoye muku ba, tunanin farko da ya zo mini shi ne darakta da bakinsa ya ba ni umarnin sharewa.

Bakin Ɗan Tani ba ya riƙe ruwa. Kafin kwana biyu labari ya kai wa Baffanku cewa za a share tsofaffin hotuna amma matar ƙanensa ta tsaya a kai. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarmar Inna kakarku, ubanku yana gefe yana wanke wani ƙarfen inji a cikin kwano. Na durƙusa na gaishe shi.

“Rabi, an ce miki ki share abu, kin ce a'a. Mi ad dalili?”

“Yaya, ba nawa na ba. Na mutanen kwari na duka.”

“Wa yac ce ki yi ƙarya? Ba mu ce ki ƙara komi ba. Mai gidanki na aiki yac ce ki share. Ki bi umurni, shi ke nan. Ko ke kin hi darakta sanin aiki?”

A wannan wurin na fi shi, amma ba a faɗa wa yayan miji haka.

Inna ta ce, “Ɗiyata, rijiyag ga ita ka shayar da albasad da ɗiyanki ka ci. In ta tahi, da mi za a yi ban ruwa? Ki duba ɗiyanki.”

Wannan ta fi ta Baffanku zafi, domin Inna tana sona, kuma gaskiya ta faɗa. Na dubi ubanku. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da goga ƙarfen nan da ya riga ya fita tas. Na ji haushinsa a ranar, haushi mai tsanani. Na ce a raina ga namiji ya bar ni ni kaɗai tsakanin uwarsa da yayansa.

Washegari na kira Madam Zainabu. Ta yi mini faɗa tukuna, ta ce ina layi biyun da na ja a kaye. Sannan ta ce in sa depo ya jero mini abubuwan da suka fi nauyi a cikinsa, daga babba zuwa ƙarami. Da jerin ya fito na riƙe baki. Rubutunmu na shekara huɗu, sunayen manoma da faɗin garake da rahotanni, duka bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Hotuna ne suka cinye diskin, kuma yawancinsu hoto ɗaya ne da aka yi ta juyawa. Akwai wanda na samu sau goma sha bakwai. Ashe ba tarihi ne ya yi mana yawa ba, juye-juye ne.

Ta koya mini hanyar. Akwai wani ƙari da ake ɗora wa Git, ana ce masa LFS. Manyan hotuna su fita daga cikin depo su koma wata ma'ajiya daban, a bar ɗan rubutu a gurbin kowanne, layi uku kacal, mai ɗauke da lambar shaidarsa. Lambar nan daga cikin hoton kansa ake fitar da ita, ko ɗigo ɗaya aka taɓa sai ta canza. Ma'aikacin daji zai ɗauki depo mara nauyi, ya jawo hoton yankin da yake aiki kaɗai. Mai Alela ba ruwansa da hoton Badaguishiri. Ma'ajiyar kuwa, na tuna da wasu diskoki biyu na waje da wani aiki da ya rufe a Konni ya bar mana, suna cikin kabad ana ɗora musu kofin shayi. Amma ta gargaɗe ni. Fitar da hotuna daga tsohon tarihi yana nufin sake rubuta tarihin, duk lambobin ajiya za su canza. Kafin in taɓa komai in kwafe depo yadda yake, cikakke, a diski ɗaya, a kulle. Kuma kada in jefar da hoton da aka juya sai na ga na asalinsa da idona.

Haka na yi kwana bakwai. In buɗe na asali, in buɗe juyayye, in tabbatar juyi ne kawai ba a zana komai a kai ba, in sa alama. Wuta ta ɗauke, in jira. Idona ya yi ja, bayana ya ƙage. A rana ta biyar, wajen azahar, kowa ya fita salla, na iso kan hoton garkarmu. Yana da juyayyu tara. Na sa wa taran alamar sharewa, na asalin yana sama, shi kaɗai ya rage. Da na ƙara alama ɗaya, da ba mai sani. Cikakken kwafin da na kulle ma ni ke riƙe da makullinsa, kuma ba mai iya buɗe shi sai ni. In an tambaya in ce kuskure ne cikin ɗaruruwa, kowa zai yarda, darakta ma zai ce ai dama ya ce a share. Na zauna hannuna a kan tebur, ina jin muryar Inna tana cewa in duba ɗiyana. Na duba ku ɗin. Na ga ku kuna cin albasar ruwan da na san na wani ne, kuma ni kaɗai na sani, har in mutu. Na tashi na yi alwala. Da na dawo na tura hoton ma'ajiya, na rubuta lambar shaidarsa a kaye kamar sauran, na wuce na gaba.

Rana ta takwas na tara ma'aikata duka, na ce kowa ya share tsohon depo daga ordinater ɗinsa ya ɗauki sabo. Abin da ya ci kwana biyu bai ƙare ba, ya sauka kafin shayi ya huce. Mushe Sani ya yi ta zagaya tebur yana cewa, “Ikon Allah, ikon Allah,” kamar shi ya yi. Mutum ɗaya ne bai zo ba, Ɗan Tani, ya tafi biki Malbaza. Ya dawo da tsohon depo a jakarsa, ya haɗa da sabo ya tura, duk kayan da na kwashe suka dawo. Ranar na yi masa wankin babban bargo a gaban kowa, har masu gadi suka leƙo.

“Madam, wallahi taimako nika yi.”

“Taimakonka na yac cika muna diski! Daga yau in manomi ya ce ina gabas, ka aza ordinater bisa tabarma ka juya ta, ko ka juya manomin. Hoto kam kar ka sake taɓa shi.”

Na sake aikin a kwana ɗaya, don yanzu hannuna ya san hanya, na kuma sa depo ya riƙa ƙin duk wani babban hoto da aka turo masa kai tsaye. Maganar juya manomi ta zama abin dariya a kwarin, har yau in ma'aikaci ya shimfiɗa tabarma tsofaffi sukan ce a juya su.

Aka cire albasa, aka zauna a ƙofar maigari. Agali ne ya ce a tambayi buro, ya ji an ce jirgi yana ɗaukar hoto. Darakta ya turo ni, don ba wanda ya iya buɗewa. Na zo da ordinater na durƙusa a gaban dattawa, Baffanku yana dama, ubanku yana bayansa, Agali yana hagu da rawaninsa. Na buɗe hoton. Agali ya duba ya ce, “Ina gabas?” Na aza ta a tabarma na juya. Ya sa yatsa a kan aduwa, ya bi layin ƙaya a hankali har ya wuce rijiya.

Baffanku ya ce, “Wanga hoto an juya shi ya hi sau goma, kowa ya sani. Abin da anka juya, mi ka hana a gyara shi?”

Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Na yi bayanin lambar shaida, na nuna ta kaye da ta cikin tsohon kwafin da aka kulle, na ce wannan shi ne yadda jirgi ya sauke shi. Dattawa suka gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma ba ya so a sani. Na ga maganata ba ta shiga ba. Lamba ba ta zama shaida a ƙofar maigari, mutum ake so.

Sai ubanku ya taso daga bayan yayansa. Ya tsuguna kusa da ni, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce in ƙara matso da bakin rijiyar. Akwai wani ɗigo fari a wurin, kusa da wani baƙi. Na gan shi sau da yawa, na ɗauka buhu ne.

“Wanga ni na,” in ji shi. “Ga malhwata, ga inji. Agali yak kira ni in gyara mishi, ranad da jirgin ga yab bi bisa kanmu har munka ɗaga kai. Rijiyatai ta. Ubanai yag gina ta ina yaro, ni ka kai musu ruwan sha. Yaya, kai ma ka sani.”

Baffanku ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. An mayar da shinge gindin aduwa. Baffanku ya shekara shida bai taka gidanmu ba, bai zo auren 'yar'uwarku Hadiza ba, kuma da ya tashi ba da labari sunana ya saka, don ya fi sauƙi a ce matar ƙane ta yi da a ce ƙane. Inna ta yi wata biyu ba ta cin tuwona, sannan wata rana ta aiko a ƙara mata miya. Albasar shekara guda ta ƙone. Sabuwar rijiyar da aka fara ginawa ta ba da ruwan gishiri, sai ta biyu ta yi. Agali ya ce mu ja ruwa daga tasa kafin nan, Baffanku ya ƙi. Kun sha kunu ba sukari a shekarar, kai babba ka bar lakwal ɗin Konni ka dawo makarantar gida. Na san abin da ya ci muku, ban manta ko ɗaya ba.

Na tambayi ubanku daga baya me ya sa ya yi shiru ranar da yayansa ya zo, ya bar ni ina ta jin haushinsa. Ya ce tsoro ya ji. Ya ce ya zauna yana goga ƙarfen nan yana roƙon Allah in share, don kada a kai ga ranar da zai buɗe baki a gaban yayansa. Da ya ga na ƙi, kunya ta kama shi. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar da ya faɗa mini wannan ba.

Yau shekara uku da rasuwarsa. Kun san shi da ƙin hoto, ko na katin ɗan ƙasa sai da aka yi da gaske, kuma wannan ɗin ma ya ɓace. Depo yana nan yana aiki, wadda na koya wa kafin in yi ritaya tana riƙe da shi, diskin bai sake cika ba. In kun je Badaguishiri ku shiga buro ku ce ɗiyan Madam Rabi ne, a buɗe muku hoton shekarar da ta gabaci ruwa. Ku aza ordinater a tabarma, ku sa gabas a sama, ku nemi aduwa, ku bi shinge har rijiya. Farin ɗigon nan ubanku ne, ya ɗaga kai yana kallon sama. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage mana, kuma saura alama ɗaya in share shi da hannuna.